Girman katakon da ya dace da garejin mota biyu mai buɗaɗɗen rufi

Mai Gareji:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da kafintocin da ke wannan zaure. Garejin mota biyu za a yi a Zariya, faɗi mita 6, tsawo mita 6. Dirkoki da rufi duk na katako ne, a rufe jiki da sama da kwano. Ba za a sa silin ba. In da hali ma, ba a so katako ya gitta ta tsakiya, saboda ɗaya daga cikin motocin doguwa ce, kuma tana da abin ɗora kaya a samanta. Kafinta ya ce 2x4, wato katako mai inci 2 da 4, ya isa ko'ina. Jadawalin da na gani a intanet kuma na Amurka ne, yana nuna 2x6 zuwa sama. Wanne zan bi? Tazarar nawa za a bari tsakanin rafta da rafta, wato katakon da ke gangarowa daga ƙololuwar rufi zuwa baki? Kuma za a iya cire katakon da ke gittawa ɗin ba tare da matsala ba?

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Malam, fara ajiye jadawalin Amurka a gefe. An yi shi ne don ƙasar da ƙanƙara ke kwanta a kan rufi, da katakon da aka tantance aka buga masa hatimin daraja, kuma 2x4 ɗinsu gogagge ne, milimita 38 da 89. Mu ba mu da ƙanƙara, katakonmu ba hatimi, girmansa kuma sai yadda zarto ya ga dama. Lissafinmu daban ne.

Ga nauyin da za a yi aiki da shi. Kwano da katakon rufin gaba ɗaya ba su wuce kilo 15 zuwa 20 a kowace murabba'in mita ba. A ƙara kilo 40 saboda masu hawa gyara da kayan aikinsu. A ce kilo 60 ke nan. Tudun rufin a tsakiya ya zama mita 1.2 sama da kan dirkoki. Da wannan tudun tsawon rafta zai kama mita 3.23, katakon kasuwa kuma ƙafa 12 ne, wato mita 3.66, sai ragowar santimita 43 ta zama baki mai zubar da ruwa nesa da jikin gini. Babu haɗi, babu asara. Shi ya sa na zaɓi 1.2 ba 1.5 ba.

Firam mai kusurwa uku guda 6, tazarar mita 1.2 tsakaninsu. Kowane firam zai ɗauki kilo 72 a kowace mita ta faɗin garejin.

Yanzu batun 2x4 da 2x6. Ƙarfin katako ya fi dogara da zurfinsa, wato faɗinsa in an tsayar da shi a gefe, fiye da kaurinsa. In ka tashi daga inci 4 zuwa inci 6, ƙarfin ɗaukar kaya ya ninka sau biyu da kwata, juriyar lotsawa kuma ta ninka fiye da sau uku. Rafta mai tafiyar mita 3 ba tare da komai ya tokare ta ba, 2x4 ya yi mata kaɗan, ko mutum ɗaya mai jiki ya tsaya a tsakiyarta ya kai ta iyaka. Wannan sai 2x6. Amma in aka tokare ta a tsakiya, tafiyar ta koma mita ɗaya da rabi, ƙarfin da ke neman karya ta ya ragu zuwa kwata, 2x4 cikakke ya wadatar. To ka ga kafintanka bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa.

Katakon da kake so a cire kuwa, wanda kafintoci ke ce wa taibim, shi ne ran rufin. Rafta biyu da suka jingina da juna a sama kullum neman buɗewa suke ta ƙasa, kamar tsani mai ƙafa biyu da aka kwance masa igiya. A garejinka kowace ƙafar firam tana tura bango waje da ƙarfin da ya kai kilo 270. Taibim ne ke riƙe da wannan. In aka rage tudun rufin zuwa santimita 60 don a rage kwano, turin ya koma kilo 540. Dirkar katako ba ta da abin da za ta tare wannan da shi. Ba rana ɗaya zai faɗi ba. Da farko ƙololuwar rufin za ta yi ciki kamar bayan tsohon jaki, sai dirkokin tsakiya su karkata waje, sai ƙofa ta daina rufuwa. Duk mai duba gini in ya ga waɗannan ukun tare, ya san an taɓa taibim.

Mai Katako:

Injiniya ya ce 2x4 cikakke, to a nan gizo ke saƙar. Malam, ka tafi kasuwa da tef a aljihu, ko Na'ibawa ce a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko nan kusa da kai. Abin da ake kira tubaifo ya kamata ya zama milimita 50 da 100. Da yawa in ka auna za ka samu 40 da 85. A ido bambancin ba wani abu ba ne, amma a lissafi kashi 42 cikin ɗari na ƙarfin ya tafi. Ka ce cikakken yanka kake so, ka biya ƙarin kuɗin, ka auna da hannunka kafin a loda.

Sai irin itacen. Obeche, wanda aka fi sani da farin katako, mara nauyi ne, ƙusa na shigarsa kamar sabulu kuma haka take fita. Na silin ne da ƙofar ɗaki da katakon zuba kankare, kada ya shiga firam ɗin rufi. Afara da malaina sun fi shi, za su yi rafta in an sa musu magani sosai, amma ƙwaro na son su. Jan katako irin su madaci da loko shi ne na taibim da dirka, loko ma gara ba ta cika damunsa ba. Kundin ƙa'idar amfani da katako na Najeriya, NCP 2 na 1973, ya kasa itatuwanmu aji bakwai, N1 zuwa N7, na ɗaya ya fi ƙarfi. Sai dai a kasuwa ba wanda zai ce maka ga ajin wannan. Ma'auninka shi ne nauyi: busasshen katako mai nauyi a hannu ya fi mara nauyi ƙarfi, kusan ko da yaushe.

Na ce busasshe, domin ɗanye ma nauyi gare shi, ruwa ne. Katakon da aka yanko daga kudu ya iso Arewa da ruwansa, in hunturu ya buge shi sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsage ta baki. Ka saya da wuri, a jera shi a inuwa a kan duwatsu ko bulo, a sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, a danne saman da abu mai nauyi. Sati uku zuwa huɗu a lokacin rani ya rage masa ruwa sosai. Wanda zai murɗe zai nuna halinsa tun yana ƙasa, ka ware shi a yanka gajeru.

Wajen zaɓe, ɗaga kowane guda ka sa ido ɗaya ka leƙa tsawonsa. Wanda yake da babban ido a gefe, wato gurbin reshe, ko zaren itacen ya karkace ya fita ta baki maimakon ya bi tsawo, ajiye shi. Nan yake karyewa. Mai farin gefe na kusa da ɓawo kuma shi ƙwaro ke fara mayarwa gari.

Baba Kafinta:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa hannu a kan yadda ake haɗawa, don katako mai kyau ma in haɗin banza ne, aikin banza ne.

Taibim mita 6 ne, katako kuma ƙafa 12, dole a yi haɗi. A ɗauki 2x6 guda biyu a haɗa su gefe da gefe, su haye juna kamar mita 1.2 a daidai tsakiya, a ɗaure da noti mai kaurin milimita 12 guda huɗu, da washa babba gaba da baya. Kada notin ya matso bakin katako ƙasa da santimita 9, in ya matso sai ya tsaga bakin ya fice. Masu yanka bakin katako biyu a karkace su haɗa da ƙusa uku, wannan haɗin na katakon ado ne, ba na abin da ake ja ba.

Ɗan tsakiya, wato wanda ke saukowa daga ƙololuwa zuwa taibim, mutane na ɗauka zaune yake a kan taibim yana tallafe rufi. A'a, rataye taibim yake yi don kada ya yi ciki. Saboda haka ba a dasa shi a kai a soka ƙusa ta ƙasa. A gefe ake manna shi, noti ya ratsa su duka. Daga gindinsa tokare biyu na 2x4 za su tashi, kowane kamar mita 1.6, su tarar da rafta a tsakiyarta.

Inda rafta ta sauka a kan taibim nan ne kilo 270 ɗin Injiniya ke taruwa. Ƙusa inci 4 ɗaya abin da za a amince mata da shi a irin wannan ja bai wuce kilo 40 zuwa 50 ba. Ka ga ana bukatar shida ko bakwai a wuri ɗaya, kuma in ka tara su haka a bakin 2x4 sai ya tsage. Noti biyu sun fi, ko a manna filawud mai kaurin milimita 12 ta gefe biyu a rarraba ƙusoshin a kansa. In jan katako ne, a fara huda ƙaramin rami kafin a buga ƙusa, in ba haka ba ko ƙusar ta lanƙwashe ko katakon ya dare. In za a yi wa rafta gurbi don ta zauna daram, kada yankan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinta.

Katakon da ake buga kwano a kai 2x3 ne, a tsaye ta gefen inci 3, tazarar santimita 90, layi biyar kowane ɓangare. 2x2 ba zai ɗauki mutum a tazarar mita 1.2 ba, shi ne kake ganin kwano ya lotsa tun ranar da aka rufa. Haɗinsa kuma a kan rafta yake faɗawa, ba a sarari ba, kuma kada haɗin layuka biyu na kusa da juna ya faɗa kan rafta ɗaya.

Lissafin saye na rufi kaɗai, duk ƙafa 12: rafta 2x4 guda 12, taibim 2x6 guda 12, 2x4 guda 9 na ɗan tsakiya da tokare, 2x3 guda 25 na kwano. A ƙara 2x3 kamar 10 na ɗaurin ciki, wani zai yi bayaninsa. Firam na farko a haɗa shi a ƙasa a kan daɓe mai lebur, ya zama ma'auni, sauran biyar a kwaikwaye shi. Kowane katako yana da ɗan doro, a juya doron sama.

Mai Gareji:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Injiniya, to in ba za a cire taibim ba, za a iya ɗaga shi sama ya haɗe raftocin kusa da ƙololuwa? Na ga ana yin haka a wasu rumfuna. Tsayin ne damuwata.

Injiniya:

Ana ɗagawa, amma da iyaka, kuma ribar ba ta kai wahalar ba. Iyakarsa kashi ɗaya cikin uku na tudun rufin daga ƙasa, a naka santimita 40 ke nan. Da ka ɗaga shi haka, jan da ke kansa ya tashi daga 270 zuwa kilo 405, kuma guntun raftar da ya rage a ƙasansa ya shiga lanƙwasa mai tsanani, har 2x6 ma sai an sake masa lissafi. Wanda kake gani can sama kusa da ƙololuwa aikinsa daban, hana raftoci rabuwa ne in iska ta ɗaga rufi. Ba ya hana bango buɗewa.

Hanya ɗaya ce ta raba gareji da taibim gaba ɗaya: a sa babban bim a ƙololuwa, a kan dirka gaba da baya, raftoci su rataya a jikinsa maimakon su jingina da juna. Bim ɗin zai ɗauki rabin rufin, kilo 180 a kowace mita, tsawon mita 6. Katakon da zai yi wannan kamar 4x12 ne, guda ɗaya babu haɗi. Samunsa a kasuwa wuya, ɗaga shi sama wata wuyar. Kowane bakinsa kuma yana sauke kilo 540, na gaban a daidai tsakiyar ƙofa zai sauka, sai linta, wato katakon saman ƙofa, ta zama wani babban bim ɗin. In ka yarda da dirka a tsakiyar gareji, tsakanin motocin biyu, da wata a tsakiyar ƙofa, tafiyar ta koma mita uku uku, 2x6 biyu a manne sun isa, raftoci kuma duk 2x6. In ba ka yarda ba, bim ɗin ƙarfe ne, kuma wannan sai an zo an duba an zana.

Mafi sauƙi, ƙara tsayin dirka. Maimakon mita 2.7 a yi 3.3. Katakon ƙafa 12 ne dama, guntun da za a yanke a yar ne ka yi amfani da shi. Ka samu santimita 60 a kyauta, fiye da abin da ɗaga taibim zai ba ka. Dirka 4x4 jan katako a ƙarƙashin kowace ƙafar firam, 12 ke nan, a ɗora 2x4 biyu a manne a kansu su zagaye ginin.

Ƙofar ta kasance ta fuskar da firam ya gitta, don firam na gaba ya ɗauki kansa, linta ba ta ɗauki komai ba sai ƙofa. In aka buɗe ta ta gefen da ruwa ke zuba, firam uku ko huɗu za su zauna a kan linta. Buɗi mai mita 5 ta nan sai 4x10. Ko a raba shi ƙofa biyu na mita 2.4 da dirka a tsakani, 2x6 biyu a manne su ɗauki kowace.

Malamin Gini:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma nauyin da ke danna rufi ƙasa kawai aka lissafa. Rufin kwano a Arewa ba danna shi ake ya faɗi ba, ɗauke shi ake. Iskar farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, ita ce jarrabawar wannan garejin, kuma gareji ya fi ɗaki haɗari saboda bakinsa babba ne.

Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana danna kowace murabba'in mita da kusan kilo 55. In ƙofa na buɗe tana fuskantar hadari, iskar ta cika cikin tana tura kwano sama, ta waje kuma tana tsotsarsa. Su biyun in sun haɗu za su iya kai kilo 80. Rufin kansa kilo 15 ne. Ragowar 65 a kan murabba'in mita 45 ya kusa tan uku, yana neman sama. Raba wa ƙafafu 12, kowace ta samu kusan kilo 250. Ƙusa biyu da aka soka a karkace ba za su riƙe ko kwatan wannan ba, domin ƙusa tana da ƙarfi in an ja ta a gicciye, ba ta da shi in an zare ta ta inda ta shiga.

Saboda haka ɗaurin ya zama sarƙa ɗaya daga kwano har ƙasa, ba inda ta katse. A layin baki da na ƙololuwa a buga ƙusa a kan kowane tudun kwano, a tsakiya a riƙa tsallake ɗaya. Katakon kwano a ɗaure shi da rafta da langalanga, musamman layi biyu na gefe da kusurwoyi huɗu, nan iska ke fara ɓamɓara. Kowace ƙafar firam a zagaya ta da langalanga mai kauri ta sauko jikin dirka aƙalla santimita 30 ta kowane gefe, ƙusa biyar biyar. Dirka kuma ta zauna cikin takalmin ƙarfe da aka dasa a kankare, noti biyu su ratsa ta. Kankaren kowace dirka ya kai santimita 50 da 50, zurfin 60. Nauyinsa kilo 360 ne, shi ne zai rinjayi 250 ɗin.

Wani abin da buɗaɗɗen rufi ke jawowa: in iska ta ɗaga rufi, komai na juyewa, taibim da aka saba ja sai ya koma ana matse shi. Katako mai kaurin inci 2 da tsawon mita 6 in aka matse shi, gefe yake gocewa. A gidan da ke da silin, katakon silin ke riƙe shi. A nan babu. Shi ne amfanin 2x3 goma da Baba ya ce a ƙara: layi uku a kan taibim daga gaba zuwa baya, ɗaya a tsakiya, biyu a rabin kowane ɓangare, a buga su a jikin kowane firam. Sauran a gicciya su a ƙarƙashin raftoci daga ƙololuwa zuwa kusurwa, don kada firam shida su kwanta a jere kamar an ture bulo.

Jikin garejin ma haka. Kwano ba ya hana gini karkata. Bangon baya da na gefe biyu kowane ya samu 2x4 a gicciye daga kan dirka zuwa gindin ta kusa, a kusurwoyi. Fuskar gaba ita ce mai rauni tunda kusan duk ƙofa ce. Kada ƙofar ta wuce mita 4.8, a bar santimita 60 kowane gefe a rufe da filawud mai kauri a buga masa ƙusa kusa da kusa, a sa ɗan tokare tsakanin dirka da taibim a sama. Da dirka mai mita 3.3 wannan ya zama dole. Kuma in an ga hadari ya haɗo, a rufe ƙofar.

Baba Kafinta:

Saura gara. Kada a binne dirka a ƙasa ko a cikin kankare, ko loko ne. Kankaren ya taso santimita 20 zuwa 30 sama da daɓe, takalmin ƙarfen ya ɗaga gindin dirkar kaɗan don kada ruwan wankin mota ya kwanta a ƙarƙashinta. Da haka in gara ta gina hanyarta ta ƙasa a jikin kankaren, ido zai gani a goge ta.

Magani kuma bayan an gama yanka da huda ake shafawa, ba kafin ba, don ta sabon yanka ƙwaro ke shiga. Solignum ko irinsa, shafi biyu, bakin kowane katako a tsoma shi cikin bokiti ya sha. Baƙin mai da ake cakuɗawa da kananzir yana baƙanta katako ya yi kamar an yi aiki, amma ba ya daɗewa, kuma a wurin da za a ajiye mota da jarkar fetur ba na ba da shawararsa.

A bar 'yar kafa a saman bangon gaba da na baya a sa raga, don kwano babu silin tanda ne a watan Afrilu. In hunturun farko ya wuce, a hau da sifana a bi notin nan ɗaya bayan ɗaya. Katakon ya tsuke, za ka tarar washa na juyawa da yatsa. A ƙara ɗaure su kafin ruwan farko.